Rigar da Na Ɗinka Miki a Baibai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ummi,

Ina gaishe ki, ina kuma fata kin sauka Birmingham lafiya, kin tarar da Gwaggonki Binta da mutanen gidanta ƙalau. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya tsare ki a inda idona ba ya kaiwa.

Na saka takardar nan a cikin sallayarki don na san ita za ki fara warwarewa. Da gangan na rubuta da Hausa. Na san za ki yi ta haɗa baƙi kina ƙunƙuni, to ki daure. Wadda ta ce za ta koyi Sinanci, Hausar uwarta ba za ta gagare ta ba.

Ke ce 'yar fari. A gidan da na tashi, uwa ba ta zama ta kalli 'yar fari a ido ta yi mata doguwar magana. Ke kuwa a nan unguwar Gorton ta Manchester kika tashi, kina ganin iyayen ƙawayenki suna rungume su a bakin makaranta, ni kuma sai dai in ce, “Kin ɗauki jaket?” Ba rashin abin faɗa ba ne. Bakin ne ba ya buɗuwa. Ba labari zan ba ki ba, duk kin san labaran gidan nan. Wuraren da na yi tuntuɓe zan nuna miki, ko kya ɗaga ƙafa idan kin zo kansu.

Ina kamar shekarunki a Gwammaja, ni ma ba na magana. Idan aka yi baƙi, bayan ƙyaure nake komawa. Littattafan soyayya ne ƙawayena, ina cusa su cikin littafin makaranta, Inna tana ta sa mini albarka wai ina karatu. A cikinsu duk wanda ya tafi Ingila mota ce ke jiransa, da gida mai bene, da ƙanƙara mai sauka a hankali kamar ana barbaɗa gari. Da Abbanki ya zo neman aurena aka ce zai tafi ƙaro karatu Manchester, ban tambaye shi komai ba, don a ganina na riga na san garin. Muka sauka a ɗaki guda a unguwar Rusholme, saman wani shagon gashin nama. Bas na wucewa taga na karkarwa, bango yana zufa, hayaƙin nama ya kama duk zannuwan lefena. Na daɗe ina fushi da mutumin kirki saboda bai yi kama da mutumin takarda ba. Yana dawowa a jiƙe da ledar cefane, ni ina jiran fure.

Mafarki ba laifi ba ne, Ummi, har gobe ina yi. Amma kada ki ɗauki ma'aunin hoto ki auna mai rai, za ki zalunce shi. Birmingham ba za ta yi kama da hotunan da jami'a ta turo miki ba. Ki ba ta lokaci.

Shi ya sa na gane ciwon tun ranar da na fara ganinsa a jikinki. Nawa takarda ce, naki waya. Gajerun bidiyoyin nan da ake ture su da babban yatsa, wani na bin wani. 'Yan matan China cikin dogayen riguna masu faɗin hannu suna tafiya a kan gada kamar ba sa taka ƙasa. Wata tana zuba shayi a hankali. Wata tana girki a ƙauye cikin dajin gora, ko ɗigon gumi babu a goshinta. Kika daina saukowa falo. In na yi magana, “Yeah, Mum,” ido na kan waya. Sai ranar nan muna cin tuwo kika ce ke ba pharmacy, ilimin haɗa magani, za ki karanta ba, harshen China da al'adunsu kike so.

Abbanki ya ajiye cokali ya ce, “Sinanci? In kin gama ki ba wa maganin me?”

Ni ma ban so ba. Ba aikin yi nake tsoro ba. Tsorona shi ne 'yata tana shirin ƙaura zuwa ƙasar da babu ita a duniya, irin Ingilar da na ƙaura zuwa. Na san yadda faɗowa daga can take da ciwo. Na ce a raina ba zan yarda ba. Na ƙwace wayar na kulle a durowar keken ɗinki. Me na samu? Kin fito falo, gaskiya ne, amma kamar an ajiye kujera. Da na mayar miki, kika karɓa da hannu biyu kika ce na gode, irin godiyar da ake yi wa baƙo. Wannan ma kuskure ne. Wanda aka rufe wa taga ba ya juyowa ya kalle ka, bangon yake ci gaba da kallo.

Abin dariyar, a daidai lokacin da nake miki faɗa, ni ma tawa wayar tana jana da igiya. Kin san group ɗinmu na matan unguwa a waya. Aka turo wani bidiyo, wai ga yadda 'yan China ke haɗa kabeji da roba, ana zuba wani ruwa a kwano yana zama ganye. Na kalla har ƙarshe, na tura gaba da “Allah ya kare mu.” Tun daga nan wayata ta ɗauka abincina ke nan. Yau ƙwai na bogi, gobe shinkafa. Ashe abin da ka tsaya ka kalla, shi take ƙaro maka.

Ga kuma Popo, maƙwabciyarmu ta jikin bango, tsohuwar 'yar China da ta yi shekaru tana sayar da abinci da mijinta kafin ya rasu. Tun kina ƙarama take miƙo mana ganyen da take shukawa a bayan gida ta saman katanga. Sai na koma karɓa da murmushi, in ta shige in zuba a bola. Ganyen da nake gani da idona yana tsirowa daga ƙasa! Idan na hango ta a kasuwar Gorton sai in shige layin masu kifi. Gida ɗaya muke da ke, wifi ɗaya, ke an nuna miki China aljanna, ni an nuna mini ita juji, kuma kowaccenmu tana rantsuwa ta gani da idonta.

Don haka duk bidiyon da ya sa ki ji kin tsani wata al'umma kafin ruwan shayi ya tafasa, ko kin ƙaunace su duka, ki ajiye wayar ki nemi mutum ɗaya daga cikinsu ki gaishe shi.

Sai maganar riga. Da na ga jan ki baya ya gagara, na ce bari in bi ki in ga inda kike zuwa. Na shigo ɗakinki da wanki a hannu don in sami dalili, na ce, “Nuna mini kayan nan naku.” Kika kalle ni kamar kina jiran tarko. Sannan kika matsa mini wuri a gado. Gaskiya rigunan sun burge ni. Hannu har yatsu, tsawo har ƙasa, babu abin da ya fito. Na ce, “Ai waɗannan sun fi wasu 'yan bikinmu sutura.” Kika yi dariya, dariyar da na daɗe ban ji ba. Kika ce za a yi ranar al'adu a college, ko zan iya ɗinka miki?

Ni da nake ɗinka wa matan Manchester kayan biki daga hoto kawai? Na ce kawo. Kika zaɓi bidiyon wata yarinya, na tsayar da shi, na zana yadda gaban rigar ya haɗu, ɓangare ɗaya ya hau kan ɗaya aka ɗaure a gefe. Na samo yadi mai laushi ruwan ganye. A bakin ɓangaren da ke sama na yi miki ado da zare, ƙananan furanni, ina yi ina jin kamar ni ce yarinyar cikin littafi. Kika saka da mayafinki fari, kika ɗauki kanki a waya kika ɗora a shafinki. Kafin mu ankara mutane sun cika wurin. Kina fassara mini: wai kin yi kyau, wai sun gode da kika girmama al'adarsu, wai wace ce telar? Ni da na ce waya shaiɗan ce, sai ga ni ina nuna wa mata a walima, “'Yan China da kansu fa suka yaba.”

Ranar al'adun da safe muka fito, ina riƙe miki gefen riga kada ta sha ruwan titi. Popo tana bakin ƙofarta da butar ban ruwa. Na yi niyyar sunkuyar da kai mu wuce. Sai na ga ta ajiye butar. Fuskarta ta canza kamar ta ga abin da ba a gani da rana.

Turancinta irin nawa ne, mai tuntuɓe, shi ya sa muke jin juna. Ta ce, “A'a. A'a, a'a. Shigo. Ba za ki hau bas haka ba.”

Kika ce, “Popo, zan makara.”

Ta ce, “Makara. Shigo.”

Ta kama hannunki ta ja, ni kuma na bi. Duk zamanmu ban taɓa taka falonta ba sai ranar. Ta tsayar da ke a tsakiya ta dafa ƙirjin rigar ta ce, “Mai rai, hagu ke hawa kan dama, a ɗaure a gefen dama. Wannan dama ce a kan hagu. A wurinmu gawa ake yi wa haka.”

Ummi! Na ce innalillahi. Ni da hannuna na ɗinka wa 'yata likkafanin wasu mutane, har da furanni. Na san ba addininmu ba ne, na san riga ba ta kashe mutum. Amma ki tuna yadda za ki ji in kin ga baturiya ta naɗe 'yarta da farin alawayyo, an ɗaure kai da ƙafa, tana murna wai ta yi shigar Hausawa.

Kika ciro waya kika ce, “Amma duba, kowa ya ce daidai ne.”

Popo ta sa tabarau ta duba. A cikin wayar, daidai ɗin ne, hagu kan dama. Ta kalli waya, ta kalle ki, ta sake kallon waya. Ni ma na leƙa. Ban san komai a kan rigar China ba, amma na san fuskar da na haifa. Ɗan tabon nan na kumatunki na hagu, na ƙyanda, a wayar yana dama. Na ce, “Madubi ne.” Kyamarar gaba tana juya mutum kamar madubi. Yarinyar da na kwaikwaya da kyamarar gaban ta ɗauki kanta, rigarta ta iso mini a juye, na ɗinka a juye. Ke ma da ita kika ɗauka, ta sake juya ta ta koma daidai. Waya ta yi mana ƙarya sau biyu, ta biyun ta rufe ta farkon, duniya ta yi tafi.

Popo ta fara dariya har tana riƙe kujera. Ta ɗauko almakashi ta miƙo mini, “Ke ce tela.” Na durƙusa a kan kafet ɗinta na farke igiyoyin na sauya musu gefe. Furannina duk suka koma ciki, ba mai ganinsu. Ina ɗinki tana zuba mana shayi a wani tsohon kofi mai hoton ƙwallo, ba irin na bidiyo ba.

Kika tambaye ta ko irin rigar da take sawa ke nan tana yarinya. Ta ce, “Ni? Uwata baƙin wando da baƙar riga, tana warin kifi. Wannan sai a wayar jikokina na fara gani, yanzu duk sun haukace a kai. Kyau, yana da kyau, ina so. Amma ni na shirya gawar uwata, na shirya ta mijina. Gefen ɗaurin nan na sani.” Kika nuna mata mai girki a dajin gora. Ta taɓe baki, “Ina sauro? Ina ciwon baya? Wa ke riƙe mata kyamara, saniya?”

Muna shirin fita ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, “Maman Ummi, ganyen nan da tafarnuwa ake soya shi. Bola ba ta iya girki ba.”

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ashe duk tana gani, bolarmu a lungu ɗaya take. Na buɗe baki in ba da haƙuri ta ɗaga hannu, “Gobe zan kawo. Ki dafa in ɗanɗana.”

Abin da zan ce miki a nan gajere ne. Abin da ba naki ba, ki tambayi mai shi kafin ki sa almakashi. Tsohuwar tana bayan bango, in na yi atishawa tana ji, amma na tsallake ta na je na tambayi yarinyar da ba ta san ina duniya ba.

Sauran kin fi ni sani, amma bari ki ji yadda na gan shi daga gefena. Kika ce ba za ki bar ƙarya a shafinki ba. Kika sake ɗaukar wani bidiyon, kika bayyana kuskuren, kika nuna gyaran. Na ɗauka za a ce madalla. Sai ga tururuwa. Wasu suka ce da ma baƙar fata ba ta da hurumin taɓa kayansu. Wasu suka taso musu, suka ce kin fi 'ya'yansu ladabi. Wasu suka bar ki gefe suna dambe a kan wane zamani ne aka yi irin wannan hannun riga. Har namu suka shigo, “Bahaushiya ta rasa atamfa ne?” Na same ki kin kifa kai a filo, kafaɗa na rawa. Hannuna ya kai kan wayar zan ɗauke, sai na tuna da durowar keken ɗinki. Na zauna kawai a bakin gadon ina shafa bayanki. Ba a daɗe ba suka sami wata suka koma kanta, kamar ba a yi ba.

Ki riƙe wannan da kyau. Tafin da suka yi miki, a kan kuskure suka yi shi. Zagin kuma a kan gaskiya. To wanne za ki ɗauka ki gina kanki a kai? Taron waya ruwan Manchester ne, ba don ke ya sauko ba, ba don ke zai ɗauke ba.

Na yi zaton shi ke nan, za ki tsani China da duk abin da ke cikinta, ki faɗo irin faɗowata. Har na fara tanadin lallashi. Sai na ga ranar Asabar kin ɗauki littafi kin ƙwanƙwasa ƙofar Popo. Kika dawo kina dariya, wai kin gaishe ta da Sinancin da kika koya a waya ta ce wannan yaren 'yan arewacin China ne, nata daban, kuma kina furta shi kamar mai ciwon haƙori. Kika ci gaba da zuwa. Kina dawowa da labari, ki tsaya a kicin ina yanka albasa kina zuba: yadda ta zo a jirgin ruwa, yadda yara ke jifan tagar shagonsu, yadda ɗanta ba ya jin yarenta sosai. Ke da sai an yi da gaske ake jin muryarki.

Wata rana kina wanke shinkafa, ba ki ma kalle ni ba, kika ce, “Mama, China ɗin waya ba ita ba ce. Ban san komai ba ashe. Shi ya sa nake so in je in koya.”

Na juya na fuskanci tukunya don kada ki ga idona. Wani dutse da ya daɗe a ƙirjina ya sauka. Ni sai da na yi aure na haihu kafin in iya cewa littafi ya ruɗe ni. Ke kin faɗa da ƙuruciyarki, kuma ba ki jefar da son ba, kin dai sauko da shi ƙasa inda mutane suke. A ranar na sami Abbanki da maganar karatunki. Ya yi ta kawo hujja ina kawo tawa, har ya ce, “Yau kuma ke ce lauya? To, amma a gidan Binta za ta zauna.”

Saura 'yan ƙananan abubuwa. Za ki shiga gidajen mutane ki ga irin kantar da ke falon Popo, mai hoton mamaci da lemo da turare. Ba ki rusunawa, ba ki kuma yatsina fuska. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki tambayi abin da ke cikin abinci ba tare da jin nauyi ba, mai mutunci ba zai ji haushi ba. 'Yan ajinki da suka zo daga can, kada ki sa su zama bidiyo. Wata ba ta taɓa zuba shayi a hankali ba a rayuwarta, lissafi ta iya da barci. Su ma za su zo miki da abin da waya ta nuna musu a kanmu, ko rawar biki ko yunwa. Ki amsa da sanyi, kin san yadda ake shiga wannan ramin.

Gwaggonki Binta kuwa sai haƙuri. Duk abin da aka turo mata sai ta tura, kuma za ta nuna miki bidiyon kabejin nan, don daga wurina ta same shi. Kada ki yi mata gardama a gaban yaranta. Ki taya ta wanke-wanke, in kun saura ku biyu ki yi mata bayani. Ki koyi lambar bas ɗin Handsworth, unguwar Gwaggonki, tun kafin ranar farko, kuma ki cire abin jin waƙar nan daga kunne in za ki tsallaka titi.

Da Abbanki ya kira ki ya ce an amince, na ga kin waiwayo kina neman fuskata, ni kuma na tashi na shiga kicin. Na san kin tafi da tambayar a ranki, ko Mama ta yarda ne ko dai ta yi shiru. To ji. Na yarda, Ummi. Ba dole aka yi mini ba, ba kuma gajiya na yi ba. Ki je ki karanta abin da kike so. In shekarar da jami'a za ta tura ku China ta zo, ni zan haɗa miki akwati. Hankalina a kwance yake.

Allah ya buɗa miki ƙirji, ya haɗa ki da mutanen kirki ko daga wace ƙasa suka fito. Ya kare ki daga sharrin baki da na ido, da na abin da ke cikin tafin hannu. Ya kai ki lafiya, ya zaunar da ke lafiya, ya dawo mana da ke lafiya. Na yafe miki duniya da lahira. Allah ya yi miki albarka.

Wassalam.

Mamanku